Tsohuwar da ta sa na ji kunya a Salt Lake City

Salamu alaikum mutanen gida. Na san labarin ƙanƙara da tsadar haya kuke jira, ku bari sai wani jiƙon, abin da ya same ni ranar Asabar shi ya tsaya min a rai.

Akwai wani abokin aikina a nan Amurka ɗan cocin Mormon, irin waɗanda ko shayi ba sa sha balle kofi, in na buɗe filas ɗina sai ya riƙa kallona kamar giya na ɗauko. Shi ya ja ni wani laburare kusa da babban wurin ibadarsu, FamilySearch, wai nan ake binciken asalin kakanni. A bakin ƙofa har na fara laluben aljihu aka ce kyauta ne. Kyauta fa! Ba mai cewa a ba shi na goro, ba "oga bai shigo ba ka dawo gobe", kwamfutoci gasu nan reras ga tsofaffi 'yan sa kai suna ta rawar jiki a kanka.

Ya buga sunan kakan kakansa sai gashi ya fito, da ayarin da ya bi da ranar da suka tashi da ranar da suka iso. Ashe bayan an kashe shugabansu Joseph Smith a 1844 ne aka matsa musu lamba suka bar garin Nauvoo a Illinois cikin sanyin Fabrairun 1846, tafiyar wajen mil 1,300, sai 24 ga Yuli 1847 sabon jagoransu Brigham Young ya shigo kwarin nan na Salt Lake, har yau ranar hutu ce a Utah. Talakawan cikinsu da suka biyo baya bayan wasu shekaru, da ba su da kuɗin shanu, kura suka ja da hannu, wlh kamar ta 'yan ga-ruwa, kowane babba kayan kilo takwas kacal aka yarje masa. A 1856 ayari biyu, na Willie da na Martin, suka makara ƙanƙara ta ritsa da su a Wyoming mutum sama da 200 suka rasu, kuma sunayensu na nan a rubuce. Na dai tambaye shi 'yan asalin wurin fa, su Ute da Shoshone? Ya ɗan sosa ƙeya.

Sai wata tsohuwa ta juyo kaina da fara'arta, wai kai ma kawo na kakanka, wace shekara aka haife shi? Na ce shekarar yunwa. Ta ce wace yunwar? Jama'a gumi ya karyo min cikin wannan sanyin. Ni kaina 1 ga Janairu ke jikin fasfo ɗina, a kotu aka ƙirƙiro min ita.

Abin haushin mu ma muna da irin wannan tafiyar, ƙanin kakanmu a ƙafa ya kama hanyar Makka ta Chadi, an ce a Sudan ya yada zango, wasu su ce a garin Mai Wurno na can, shikenan labarin ya ƙare. Ga malamai a gidan ga tawada ga alƙalami amma ko a bayan littafi ba wanda ya rubuta ranar, sai dai a kashe miliyoyi a biki.

Yaya dan Allah gobe ka je wajen Inna da wayarka ka naɗo duk sunayen da take tunawa tun tana da ƙarfi. In an samu mai tahowa kuma a haɗo min da yajin daddawa, na nan ba ya ko sa atishawa.