Takardar duba tiyata ta WHO: amfaninta da inda take gazawa

Shafi ɗaya ce tak, mai tambayoyi 19, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta fitar a 2008, ta sake yi mata kwaskwarima a 2009. Kyauta ake samun ta a intanet, kuma hukumar da kanta ta ce kowane asibiti ya daidaita ta da yanayinsa. A ganinmu ta cancanci a manna ta a kowane ɗakin tiyata, da sharaɗin a riƙa karanta ta da murya.

An kasa ta gida uku. Kafin a sa majiyyaci barci, shi da bakinsa zai faɗi sunansa, da aikin da za a yi masa, da wurin, a ga takardar amincewarsa. A duba ko an yi alama a gefen da za a yanka, ko na'urar auna iskar jini tana maƙale a yatsa tana aiki, ko akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa. Idan ana tsoron ya zubar da jini fiye da mil 500 (ga yaro, mil 7 a kowane kilo na nauyinsa), a buɗe jijiya biyu, a tanadi ruwa tun da wuri.

Kashi na biyu shi ne zuciyar takardar. Kafin wuƙa ta taɓa fata, kowa ya dakata, kowa ya faɗi sunansa da aikinsa. Wasu na ganin wannan ɓata lokaci ne tunda an san juna, alhali da takunkumi a fuska da hula a ka, sau da yawa babban likita bai san sunan ɗalibin da ke riƙe masa ƙarfe ba. Kuma wanda ya buɗe baki sau ɗaya a farkon aiki ya fi samun ƙarfin halin cewa “ranka ya daɗe, auduga ba ta cika ba” a ƙarshensa. A nan ne likitan fiɗa zai faɗi matakin da yake jin tsoro da tsawon lokacin da yake zato, mai sa barci ya faɗi damuwarsa, nas ta tabbatar an tsabtace kayan aiki, kuma an ba da allurar maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin minti 60 da suka wuce. Idan an yi ta tun a ɗakin kwanciya sannan aka yi ta jiran wuta, ƙarfinta ya ragu kafin a yanka.

Na uku, kafin a fita da majiyyaci daga ɗakin tiyata: ƙidayar ƙarafa, auduga da allurai, karanta sunan da ke jikin kwalbar naman gwaji, da bayanin abin da masu jinya za su sa wa ido.

Gwajin farko a asibitoci takwas, har da na Ifakara a Tanzaniya, ya nuna mace-mace sun sauka daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8, matsalolin da ke biyo bayan tiyata kuma daga 11 zuwa 7. Amma da aka wajabta ta a lardin Ontariyo na Kanada, binciken 2014 bai ga wani canji na a-zo-a-gani ba. Wannan ya dace da abin da ake gani: takardar ba ta da haƙori. Idan shugaban aikin ya ci gaba da shafa maganin fata yayin da nas ke karantawa, kowa ya gane cewa ba a ɗauke ta da muhimmanci ba, sai a koma cike akwatuna bayan an gama ɗinki don fayil ya yi kyau. Dole a naɗa mutum ɗaya mai karantawa, galibi nas ɗin da ba ta sa safar hannu ba, a kuma ba ta ikon tsayar da aiki a gaban kowa.

Wani gibin shi ne ba ta tambayar abubuwan da ke tsayar da aiki a yawancin asibitocinmu. Ya kamata a ƙara layi uku: akwai mai a janareta, tukunyar oksijin ta biyu a cike take, kuma jinin da aka gwada yana hannu ko har yanzu ’yan uwa na neman mai bayarwa. Kada dai a cusa mata tambayoyi har kowane kashi ya wuce minti ɗaya, domin a tiyatar haihuwa ta gaggawa doguwar takarda ce ake fara tsallakewa.