Kwanton ɓauna ko bin sawu: farautar elk da kwari da baka

A duwatsun Roki na Amurka, in Disamba ta kama, elk, ƙatuwar barewar nan, ta daina kukan barbarar Satumba, kwaikwayon kiranta da mafarauta ke yi don janyo ta ma bai cika aiki ba. Kibiya kuma sai ka matso kamar mita 30 zuwa 40.

Bin sawu cikin dusar ƙanƙara akwai daɗi, amma ƙanƙarar in ta daskare ƙaras-ƙaras take yi, ga iska na juyawa ta kai mata warinka, in kuma kai baƙo ne ba ka san kwazazzaban wurin ba, sai ka wuni kana kora su gaba kawai. Kwanto kuwa sanyi ne zai ci ƙafarka, sosai ma. Ni dai a dajin da ban sani ba gara in gano hanyar da suke saukowa kiwo da yamma in zauna.