Rewayan da ya ciro min makulli ba tare da ya fasa komai ba

Motata Honda Accord ce ta 2003, mai giyar otomatik. Kwanan baya ta fara riƙe makulli: in na kashe injin sai ya tsaya a ACC (matakin da rediyo ke aiki ba tare da injin ba), ya ƙi komawa LOCK, inda ake zare shi. Bakaniken farko cewa ya yi a canza gidan makullin gaba ɗaya, sai wani maƙwabci ya nuna min wani rewaya kusa da kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano.

Abin da ya burge ni, bai kwance komai ba sai da ya auna batir, ya ga lafiya lau. Ya ce, "Alhaji, danna giyar gaba sosai a P, sannan ka murɗa." Nan take makulli ya fito. Ya yi min bayani cewa irin waɗannan motocin ba sa sakin makulli sai ɗan makunnin da ke ƙarƙashin giya ya shaida an shiga P, wato giyar fakin. Nawa datti ne ya daskare masa. Ya buɗe, ya wanke, ya saita.

Kuɗin aikinsa bai kai na sabon gidan makulli ba ko kusa. Wurin dai ba inuwa, kuma akwai layi, don haka a je da sassafe.