Manhajar Lattice a hannun shugaban da aikin ma'aikacinsa ya ja baya

Lattice manhaja ce ta bibiyar ƙwazon ma'aikata, wadda wani kamfani na San Francisco a Amurka ya faro a 2015. Tambaya ɗaya za mu auna ta da ita: idan aikin wani ya fara taɓarɓarewa, tana taimaka wa shugaba ya kauce wa son kai?

Inda ta fi ƙarfi shi ne adana bayanai. Akwai shafin ganawa tsakanin shugaba da ma'aikaci, inda su biyun ke rubuta abin da za a tattauna da abin da aka tsayar, kowanne da ranarsa. Amfanin wannan babba ne, domin shugaban da ya dogara da ƙwaƙwalwarsa yakan fi tuna makonnin ƙarshe. Kuskure ɗaya a watan Nuwamba sai ya shafe aikin wata goma. Idan ana zama na minti 30 duk mako biyu, a shekara an tara ganawa kusan 26 a rubuce, kuma lokacin rubuta rahoton ƙwazo manhajar na nuno burin da aka ɗora wa mutum da ra'ayoyin da aka bayar a kansa.

Sai dai duk abin da aka zuba mata shi take ajiyewa. Shugaban da ya rubuta "ba ta da himma" bai rubuta komai ba sai fushinsa. Wanda ya rubuta "an tsayar da miƙa rahoto ranar 5 ga wata, ya iso ranar 9, sau uku a wata huɗu, hakan ya jinkirta biyan 'yan kwangila" ya ba ma'aikaciyar abin da za ta iya amsawa. Abubuwa huɗu ya kamata kowane bayani ya ƙunsa: abin da aka buƙata, abin da ya faru, illarsa, da ta bakin mai aikin. Na huɗun ake yawan tsallakewa, alhali a nan ake gano cewa matsalar rashin kayan aiki ce, ko rashin horo, ko rashin lafiya. Manhajar ba za ta yi wannan tambaya a madadin kowa ba.

Akwai wani haɗari kuma. Sauƙin rubutu na sa shugaba ya riƙa tara wa mutum ɗaya laifuffuka, ya kau da kai daga abokan aikinsa da ke makara iri ɗaya. Sashen kula da ma'aikata ya riƙa duba yawan bayanan da kowane shugaba ke rubutawa a kan kowa. Idan ɗaya na da 20 sauran na da bibbiyu, a tambayi dalili.

Ɓangaren daidaita maki ya cancanci yabo. Shugabanni na zama su kwatanta makin da suka bayar kafin a sanar da ma'aikata. Wani bincike da Scullen, Mount da Goff suka wallafa a 2000 ya nuna fiye da rabin bambancin da ake samu a maki daga ɗabi'ar mai ba da makin yake fitowa: wani hannunsa a sake, wani a matse. Zaman zai yi amfani ne kawai idan an rubuta ma'anar kowane maki tun farko. In ba a fayyace abin da 3 cikin 5 ke nufi ga wannan muƙami ba, mai ƙarfin murya a ɗakin ne zai yi rinjaye.

Wajen jin ra'ayin abokan aiki, mutum uku zuwa biyar sun isa. Ma'aikaci ya zaɓi wasu, shugaba ya ƙara wasu, don kada ya zama abokai zalla ko 'yan adawa zalla.

Ana biyan kuɗinta bisa yawan ma'aikata, saboda haka ta fi dacewa da ma'aikatar da ke da shugabanni da yawa waɗanda ake son ma'auninsu ya zo ɗaya. Wurin da ke da mutum goma zai iya cimma mafi yawan wannan da takarda guda mai layuka huɗu, ɗaya ga kowanne cikin abubuwa huɗun da aka ambata a sama. Idan lamarin ya kai ga shirin gyara, wato wa'adin da ake ba ma'aikaci ya inganta aikinsa, na kwana 30, 60 ko 90, a rubuta ranakun dubawa da taimakon da za a bayar, kuma wanda zai saurari ƙorafin ma'aikacin ya zama wani daban, ba shugaban da ya rubuta bayanan ba.