Masu Hayar Kayan Sautin da Suka Daidaita Mana Jita a Agege

Shekara shida ke nan ina kaɗa jita a wata ƙungiyar makaɗa ta mutum bakwai da ke zagaya bukukuwan Hausawa a Legas, daga Zangon Agege zuwa Idi-Araba da Obalende, wani lokaci har Alaba Rago idan 'yan uwanmu mutanen Nijar suna da sha'ani suna son jita irin ta Agadas. A tsawon wannan lokaci ban taɓa jin kunya irin ta wata dinar aure da muka yi a farkon damina ba. Duk sa'ad da na taka madannin ƙafa domin jita ta fito ita kaɗai, sai sautin ya fashe kamar ana yaga buhu, har na ga wata dattijuwa a teburin gaba ta toshe kunnuwanta da gefen mayafi. Yaron da ke kan miksa, wato na'urar da ke haɗa sautin dukkan kayan kiɗa, kan ja feda (abin da ake turawa sama ko ƙasa domin ƙara ko rage ƙarar kowane layi) ƙasa da sauri, idan kuma na koma sauti mai tsabta domin raka mawaƙi, sai jitar ta ɓace a ƙarƙashin fiyano da kalangu kamar ba na wurin. Haka muka ƙare daren, shi yana hararata, ni ina hararar sa.

Bayan wannan ne maigidan ƙungiyarmu ya yanke shawarar mu ɗauki wasu masu hayar kayan sauti da ke da shago a wajen Agege domin bikin da ke tafe, kuma a kan aikinsu nake wannan rubutu. Kayan da suka kawo ba baƙi ba ne ga duk wanda ke harkar nan: miksa ce Behringer X32, wadda ta fito tun 2012 kuma ake samun ta a coci-coci da ɗakunan taro da yawa a garin nan, da manyan sifiku biyu, da monita huɗu, wato sifikun da makaɗa ke jin kansu da su, da akwatunan DI da ake sawa tsakanin kayan kiɗa da miksa. Ni kuwa na'urar sarrafa sautin jitata Boss GT-1 ce, ƙarama mai sauƙin ɗauka a danfo. Abin da ya bambanta su da waɗanda muka saba ɗauka shi ne injiniyan da suka turo, wanda ya ce ba zai yarda mu fara haɗuwa a ranar biki ba, sai ya zo wurin atisayenmu kwana biyu kafin nan.

Da ya iso bai taɓa miksa ba. Ya tsuguna a gaban na'urata ya ce, "Malam, nuna mini yadda kuka haɗa ta a wancan daren." Na miƙa masa wayar da muka yi amfani da ita, mai kan jak a gefe ɗaya da kan makirfo a ɗaya gefen, doguwa wajen mita 20. Ya jujjuya ta a hannunsa, sa'an nan ya yi mini bayanin da ya kamata a ce na sani tun da daɗewa. Ramukan makirfo na miksa an gina su ne domin sauti mai rauni ƙwarai, shi ya sa makullin ƙara ƙarfin sautin da ke shigowa, wanda injiniyoyi ke kira geyin, a X32 yake tashi daga -12 har zuwa +60 na desibel, wato ma'aunin ƙarfin sauti. Na'urar jita kuwa sautin da take fitarwa ya riga ya yi ƙarfi, ya ninka na makirfo nesa ba kusa ba. Idan aka cusa ta kai tsaye a layin da aka bar geyinsa a inda ya dace da muryar mawaƙi, to sautin ya fashe tun daga bakin ƙofa, kuma jan feda ƙasa ba ya gyara shi, sai dai ya rage ƙarar abin da ya riga ya lalace. A miksar dijital akwai rufi da ba a wucewa, wato sifili a ma'aunin da ke haskawa kusa da kowane layi, kuma da zarar jar fitila ta kama, an aske kan sautin ke nan.

Ya ajiye akwatin DI kusa da ƙafata, ya haɗa na'urata da shi da gajeriyar waya da ba ta kai mita biyu ba, daga nan kuma wayar makirfo ta gaske ta ɗauki sautin zuwa miksa. Akwatin irin wanda ba ya buƙatar wuta ne, yana sauke ƙarfin sautin da kimanin desibel 20, yana kuma mayar da shi irin wanda zai yi tafiya mai nisa ba tare da ya kwashi gurnanin wayoyin lantarki ba. Ya duba ya tabbata wutar bolt 48 da ake tura wa wasu makirfofi a kashe take a layina. Sa'an nan ya sa feda a sifilinta, inda ba ta ƙara sauti ba ta kuma rage shi, ya ce in kaɗa da iyakar ƙarfin da nake kaɗawa idan biki ya yi zafi, ba irin taɓawar da muke yi a gwaji muna jin nauyin mutane ba, shi kuma yana ɗaga geyin a hankali har fitilun suka riƙa wasa a wajen -18, suna ɗan leƙa sama idan na doki igiyoyin da ƙarfi. Wannan ratar da ya bari tsakanin -18 da sifili ita ce ta cece mu a daren bikin, domin babu makaɗin da hannunsa ba ya ƙara nauyi idan aka fara liƙi.

Sai dai ba a nan kaɗai gizo ke saƙa ba, kuma kashi na biyu laifina ne ni kaina. Da ya saurari sautin a sifika ya ce yana jin wani kaifi mai tsire kunne, kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani. Ya tambaye ni abin da na zaɓa a wurin da aka rubuta OUTPUT SELECT a cikin na'urar. Ashe tun lokacin da nake atisaye a ɗaki da ƙaramar amfilifaya na bar ta a kan zaɓin amfilifaya, alhali mai shiga miksa kai tsaye LINE/PHONES ya kamata ya zaɓa. Dalilin kuwa a fili yake idan an yi bayaninsa: sifikar amfilifayar jita ba ta fitar da siririn sauti sosai, daga wajen haz 5,000 (haz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti) zuwa sama take fara yin sanyi, wannan ne ma ke tausasa kukan jita. Sifikun taro kuwa komai suke fitarwa har abin da ya fi siriri, saboda haka dole na'urar ta kwaikwayi waccan sifikar da kanta kafin ta miƙa sautin. Da muka canja zaɓin, kaifin ya tafi nan take, har mai fiyanonmu ya ɗago kai ya dube ni.

Abin da ya fi cin lokaci, wanda kuma a ganina shi ne ainihin abin da muka biya kuɗi dominsa, shi ne daidaita sautukan da na ajiye a na'urar, waɗanda masu jita ke kira faci. Ina da guda biyar da nake amfani da su a biki, kuma ban taɓa auna su da juna ba, kowanne na gina shi ne a ranarsa da kunnen da nake da shi a ranar. Injiniya ya sa na riƙa kaɗa jimla ɗaya tak ina zagaya su, shi yana kallon ma'auni yana kuma saurare. A nan na fahimci wani abu da ya ɗaure mini kai shekaru: sauti mai tsabta yana tsalle sama a ma'auni idan aka doki igiya sa'an nan ya faɗo da sauri, mai ƙazanta kuwa, wato wanda aka kausasa da gangan, a danne yake, yana zama wuri ɗaya, don haka kunne yana jin sa da ƙarfi ko da ma'auni ya nuna sun yi daidai. Saboda haka bai tsaya ga fitilu kaɗai ba. Ya sa aka kunna fiyano da ganga, ya koma tsakiyar ɗakin ya tsaya, yana yi mini ishara da yatsa sama ko ƙasa, ni kuma ina juya ƙarfin kowane faci a cikin na'urar. Wanda nake fitowa da shi ni kaɗai ya bar shi ya ɗara sauran da kaɗan, abin da bai wuce desibel uku ba, ya ce sauran aikin nasa ne a kan feda. A miksa kuma ya yanke duk abin da ke ƙasa da haz 100, duk da cewa igiyar jita mafi kauri a wajen haz 82 take, domin wannan yankin na jitar bes ne da babbar ganga, ya ɗan rage saman kaɗan, bai ƙara komai ba.

Ya rage wani ɗan gurnani da ke fitowa idan na daina kaɗawa. Ya zare adaftar na'urar ya sa batura huɗu, ya gwada makullin raba ƙasa da ke jikin akwatin DI, wanda ake kashe gurnanin lantarki da shi, ya sa na juya jikina gabas da yamma, har ya gano cewa yawancinsa daga jitar ne kanta da fitilun ɗakin, sai muka ɗan ɗaga abin toshe hayaniya da ke cikin facin mai ƙazanta. Bai ɗauki minti goma ba.

Batun monita ma ya kashe mana wata tsohuwar rigima. A da idan ban ji kaina ba, sai in murɗa ƙarar na'urata, wanda hakan ke rushe duk abin da aka daidaita a miksa. Shi sai ya ba ni monita tawa da hanyarta daban, wadda ba ta bin motsin feda, ya ce, "Malam, daga yanzu kada hannunka ya ƙara taɓa ƙarar na'urar nan. Idan kana son ƙari, ka dube ni ka nuna sama." Ya manna farin tef a kai domin tunatarwa, har yanzu ban cire shi ba.

A daren bikin, a wani ɗakin taro da ke kusa da titin Ikeja, an ɗauke wuta ana tsakiyar shigowar amarya, aka koma janareta, miksa ta mutu ta tashi, amma da yake ya ajiye dukkan tsarin a cikinta da kuma a filashi, cikin ɗan lokaci komai ya dawo yadda yake. Ban ga jar fitila a layina ba ko sau ɗaya, kuma da na fito ni kaɗai a kiɗan abokan ango, na ji jitar ta hau saman ƙungiyar ba tare da ta soki kunne ba. Mahaifin ango da kansa ya aiko aka tambayi maigidanmu ko sabon mai jita ya ɗauko.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma ya dace in faɗa. Motar kayansu ta makara da kusan awa biyu a ranar bikin, suka ce cunkoson Oshodi ne, amma duk wanda ke aiki a Legas ya san da cunkoso yake lissafi, kuma da ba mu yi wancan atisayen ba, da gwajin minti goma sha biyar da muka samu bai ishe mu ba. Ɗaya daga cikin monitocin yana da rami mai motsi da sai da aka ɗaure shi da tef. Kuɗinsu ya ɗara na sauran da muka tambaya, kuma zuwan atisaye daban ake biyan sa, abin da ba a gaya mana ba sai da aka zo sallama, domin komai da baki aka yi shi, babu rubutacciyar yarjejeniya. Na kuma lura cewa ba duk ma'aikatansu ne ke da ilimin wannan injiniya ba. Yaran da suka rako shi jan waya da ɗaukar sifika suka iya.

Duk ƙungiyar da mai jitarta ke shiga miksa kai tsaye ba tare da amfilifaya ba, ina ganin za ta ci ribar ɗaukar su, da sharaɗin ta nemi a turo mata babban injiniyan da kansa, ta kuma sa a rubuta kuɗin atisaye da lokacin isowar kaya tun ranar ciniki. Mai jita ya je da facinsa duka, da batura, da filashinsa domin a kwafa masa tsarin layinsa. Mu mun riga mun ba su kafin alƙalami na bikin da za mu yi a Idi-Araba bayan Babbar Sallah, ni kuma na sayi akwatin DI nawa a kasuwar Alaba, yana cikin jakar jita.