Ƙarfen tambarin da wani maƙeri ya yi mini a Bauchi

Shekara 14 ina aikin kafinta, amma sai bara na fara sa shaida a jikin abin da hannuna ya yi. Wata rana na kai wa wani mai shagon kayan ɗaki gadaje biyu, na tarar yana nuna wa wata Hajiya gadon da na kawo masa a makon da ya wuce, yana rantse mata cewa daga Turkiyya aka shigo da shi. Ina tsaye a gefe da ƙurar katako a kaina. Gadon da na yi kwana uku ina bin kansa da samfefa. Ban tanka ba, amma ranar ko abinci ban iya ci ba.

Na fara gwada sitika, sai na ga da farce ma ana ɓare ta. Wani abokin sana'a a kasuwar katako ta Muda Lawal ne ya kwatanta mini wani dattijon maƙeri mai yin ƙarfen da ake gasawa a wuta a danna wa katako, kamar yadda ake zanen ƙwarya da wuƙa mai zafi.

Da na je ya ce, "Me za a rubuta, ɗana?" Na miƙa masa takarda da wani sunan Turanci da na daɗe ina so. Ya juya ta, ya tambayi ɗan wane ne ni. Na ce mahaifina masassaƙi ne, turmi da taɓarya da allo da kujerar tsugunno yake yi, da gizago, yawanci da icen ƙirya. Gaskiya da can ba na son a san haka, don ina ganin kafinta ya fi masassaƙi daraja. Alhali a gindin mahaifin nawa na koyi gane busasshen ice daga ɗanye ta ƙarar da yake yi idan an ƙwanƙwasa. Na karɓi takardata na sake rubutu: ƊAN MASASSAƘI, BAUCHI. Baba maƙeri ya yi wa Ɗ da Ƙ lanƙwasarsu tsaf, abin da masu sitika kan tsallake.

Naira 9,000 muka yi ciniki. Ya ce mako ɗaya, sai da aka yi uku, kuma akwai dalili. A karon farko ya jera haruffan daidai yadda ake karantawa, da na danna sai rubutun ya fito a juye. Dole haruffan su zama kamar yadda ake ganinsu a madubi. Ya karɓi kuskurensa, ya sake sabo bai ƙara ko sisi ba. Abin da har yanzu ban ji daɗinsa ba shi ne mariƙin: gajere ne, kuma ƙarfe ne zalla, zafi na hawa har tafin hannu. Ni na yi masa ƙota da guntun ƙirya.

Aiki da shi yana son natsuwa. A gawayi nake gasa shi, ba na bari ya yi ja, kuma sai na gwada a guntun katako tukuna. Katakon malaina mai laushi ne, ina ƙirga uku in ɗaga, in an wuce haka haruffan S ɗin nan sai su haɗe su zama baƙin tabo. Maɗaci yana ɗaukar biyar ko shida, kuma a kansa rubutun ya fi fita. A danna kafin a shafa banish, don idan an riga an shafa, tafasa yake yi ya ɓata wurin. Ina sa shi a bayan kan gado da ƙarƙashin tebur.

Mai shagon nan ya ce ba zai ƙara karɓar gado mai tambari ba, muka rabu lafiya. Wasu biyu suna karɓa. Wata mata daga Yelwa ta biyo sawuna da hoton tambarin a wayarta, ta ba ni aikin kayan ɗakin 'yarta. Wani kuma ya dawo mini da kujerar da ƙafarta ta saki, ya nuna mini sunana a ƙasanta, na gyara masa kyauta a ranar.

Duk kafintan da zai je wurin Baba, ya rubuta sunan da manyan haruffa, ya ce a yi masa dogon mariƙi, kuma ya tafi da guntun katako a gwada a gabansa kafin ya biya cikon kuɗi.