Kafin ka sayi hoton kadinal na ƙarni na 17

Hotunan manyan limaman Katolika da aka karce a farantin jan ƙarfe a Faransa da Italiya iri uku ne a kasuwa: bugun farko na zamanin mai zanen, bugun baya da tsohon faranti, da kwafin da aka ɗauko da hoto a ƙarni na 19.

Fara da tambarin da ke ƙasan fuskar, domin shi ke faɗin muƙami. Malafar da ke samansa tana da tuntaye: shida a kowane gefe bishop ne, goma babban bishop, sha biyar kadinal. Amma kada ka kafe kan ƙidayar, don a wancan zamani ba a gama tsayar da ita ba. Gicciye mai sanda biyu a bayan garkuwar tambarin na babban bishop ne. Wanda ke rataye a ƙirji da kurciya a tsakiya kuwa lambar girma ce ta sarkin Faransa, wadda Henri III ya kafa a 1578. A jerin kadinalolin da mai ɗab'i de Rossi ya fara bugawa a Rum a 1658, tambari biyu ne a sama: na kadinal ɗin da na Paparoman da ya naɗa shi. Shi ya sa hoton da aka datse wa gefe darajarsa ke faɗuwa warwas, ko da fuskar na nan garau.

Sai rubutun Latin: "pinxit" mai fenti, "sculpsit" mai karcewa, "ad vivum" ya zana mutumin ido da ido, kamar yadda mai karce hotuna ɗan Faransa Robert Nanteuil ya riƙa yi.

Ɗaga takardar wajen haske. Ta asali tana da layuka a jikinta, tazararsu kusan santimita biyu da rabi. Sumul ɗin takarda sai bayan 1750. Shafa gefe a hankali, za ka ji gurbin faranti. Bugun baya ma yana da gurbin, sai dai siraran layukan fuska da na leshi sun dushe saboda farantin ya ci. Gidan tarihi na Louvre da ke Paris har yau yana buga tsofaffin farantai, kuma halal ne, muddin ba a sayar maka da sunan bugun farko ba.

Mai ƙaramin ƙarfi ya nemi na de Rossi. Hoton Bossuet, bishop ɗan Faransa, da Pierre-Imbert Drevet ya karce a 1723, babban kaya ne, sai an duba shi a wajen firam.